Ƙofa a Buɗe, Esi a Kunne

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa a Bauchi yake ce wa esi, ta shigo gidanmu na Ƙofar Ran ana gab da kama azumi, a wata shekara da azumin ya faɗo tsakiyar bazara. Zan bi abin da ya faru daki-daki, yadda ya zo.

Gidanmu gidan gado ne. Mahaifinmu, da muke kira Baba, yana zaune a ɗakin da ƙofarsa take kallon zaure, duk mai wucewa a layi yana iya hango shi a kan buzunsa. Ni da iyalina muna sashen gabas, sana'ata sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal. Yayata, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta, tana sashen da mahaifiyarmu ta bari. Autanmu yana aikin ofis a Abuja, sai da salla muke ganinsa, ita ma ba kowace ba.

Mita ɗaya ce a gidan duka, irin ta kati. Ka saya, ka danna lambobi, ka sha wuta iya kuɗinka, in ya ƙare ta ɗauke maka ko da unguwa tana da haske. Tsarinmu a fili yake. Farkon wata ni nake sayen kati, Yaya ta ba ni kasonta saboda firizarta. Ɗakin Baba ba ma sa shi a lissafi, don ƙwan fitila ne kawai da fanka da rediyo. Katin yakan kai mu ƙarshen wata, wani lokaci har da ɗan saura. Ba mu taɓa sa-in-sa a kan wuta ba.

Firizar nan ita ce gonar Yaya. Da ɗan abin da ta samu na gadon mijinta ta saye ta, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Da safe take dafa zoɓo ta tace ta bar shi ya huce, ta kai aya markaɗe, ta ɗura ruwa a ledoji ta ƙulle ta jera a ƙasa, robobi a sama. Wutar unguwarmu ba ta wuni, saboda haka duk sa'ar da aka kawo sai firiza ta sha ta tas kafin ƙanƙara ta kama. Azumin zafi kuwa shi ne kakar Yaya. Bayan la'asar za ka ga mutane da kuloli da bokitai a ƙofar gida. Abin da ta tara a watan nan shi ne kuɗin makarantar yaranta da kayan sallarsu.

Esin ya zo a kwali biyu a bayan motar haya, da saƙon auta cewa daga yau Baba ya daina shan zafi. Ya bugo waya, aka ƙure murya don kowa ya ji, Baba ya yi ta sa masa albarka. Maƙwabta suka shigo suna shafa kwalin. Ɗa ya yi wa ubansa alheri, ba wurin magana ba ne. Abin da na lura da shi kawai, a duk tsawon wayar nan ba wanda ya ambaci mita.

Washegari mai haɗawa ya zo, ya huda bango, ya kafa rabi a ciki rabi a waje. Da zai tafi ya ce a toshe taga, a kuma riƙa rufe ƙofa duk lokacin da aka kunna, in ba haka ba injin ba zai huta ba, zai yi ta jan wuta yana neman sanyaya abin da ba zai sanyayu ba. Taga dai a ranar aka toshe ta. Maganar ƙofa kuwa, Baba murmushi ya yi ya sallami mutumin.

Ƙofar nan tana da ƙa'idarta tun zamanin kakanmu. Ana buɗe ta bayan sallar asuba, a tokare ta da wani dutse, ba a rufewa sai an yi isha'i. Baba ba mai sarauta ba ne, ba kuma attajiri ba. Mutum ne da ake kawo wa rigimar gado da ta iyakar gida da ta aure ya sasanta, kuma wanda ya zo ba ya ƙwanƙwasawa, sallama yake yi ya shiga. A duk tasowata ban taɓa ganin an rufe ta da rana ba sai in gawa ake wa wanka a ciki, kamar ranar da kakanmu ya rasu da ranar baffanmu. Kowa a unguwa ya san haka.

To, a haka aka kunna esi, ƙofa a wangale.

A farkon azumi masu zuwa ganin abin mamaki ne, su shiga, su ɗaga kai, su ce tubarkalla, su fita. Daga nan suka fara daɗewa. Kafin a yi nisa, masu zuwa gaida Baba sun ninka, kuma gaisuwar ta koma tana farawa daga azahar ta ƙare a la'asar. Akwai waɗanda shekara da shekaru ba su taka zaurenmu ba, sai ga su sun tuna cewa Malam ya tsufa, ya kamata a riƙa duba shi. Babbansu wani tsohon masinjan ma'aikata ne, sa'an Baba, wanda a da sai wurin ɗaurin aure suke haɗuwa. Shi ya naɗa kansa mai rimot. Yana shigowa zai ɗauke shi daga kan taga, ya danna har sanyi ya kai maƙura, ya jefa a aljihun gaba, ya miƙe a kan darduma.

Abin da na riƙa tararwa in na dawo daga kasuwa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Takalma tsibi a bakin ƙofa. A ciki manyan mutane masu iyali, kwance jere kamar buhuna, wasu baki buɗe suna munshari. Da sanyi ya ishe su, maimakon su rage, sai suka aika cikin gida a ba su barguna. Bargunan da matata ta wanke ta adana sai hunturu, su aka fito da su a watan da kwalta take narkewa a titi. Ɗakin ya ɗauki warin ƙafa da na gumin da ya bushe a jiki. A kusurwa suka ajiye gwangwanin madara na tofa yawu, don su a ganinsu mai azumi ba ya haɗiye yawunsa, kuma ba mai son tashi ya fita waje cikin rana. Ni nake zubar da gwangwanin nan, don ban yarda wani nawa ya taɓa shi ba.

Sanyin kuwa yana kwarara ta ƙofa ya cika zaure ya fita layi. Awakin maƙwabta suka gane, suka riƙa zuwa suna kwanciya a bakin zaure suna tuƙa. Masu keke in ba su da fasinja nan suke fakawa. Wasu daga cikin baƙin ba sa tafiya sai an sha ruwa, kuma tunda baƙin Baba ne, Yaya takan aiko musu da ƙanƙara da zoɓo, ba ko sisi.

Shi kansa mai ɗakin bai amfana da komai ba. Sanyin yana tayar masa da ciwon gwiwa. Yakan ja buzunsa can bakin ƙofa inda iskar waje take shigowa, ya rufe ƙafafunsa da mayafi, yana jan carbi, yana kallon mutanen da suka cika masa ɗaki.

Ranar da kati ya fara ƙarewa ina kasuwa. Yaya ta kira ni ta ce mita ta yi ta ƙara sannan ta ɗauke, alhali fankar maƙwabta tana juyawa. Wata bai ko raba ba. Na ɗauka mitar ce ta samu matsala, na sake saya na tura mata lambobi. Wannan ma bai daɗe ba. Sai na tsaya da kaina a gaban mitar esi yana kunne, na ga lamba tana sauka ina kallo. Da aka tafi masallaci na shiga na kashe shi daga bango na dawo, na tarar lambar ta tsaya cik kamar an taka mata birki. Ban buƙaci wani ya yi mini bayani ba.

Kuɗin katin ya dame ni, amma ba shi ne babbar ɓarnar ba. Babbar ɓarnar ita ce lokacin da yake ƙarewa. Kullum tsakar rana ne, sa'ar da ƙanƙarar Yaya ta fara kamawa. Kafin ta same ni a waya, in bar rumfa in je wurin mai sayarwa, in turo lambobi a danna, masu wuta sun ɗauke tasu. Sai la'asar ta yi, mai saye ya matsa leda ya ji ruwa ne mai ɗan sanyi, ya ajiye ya wuce layin baya inda wata take sayarwa. Zoɓo yana da haƙuri, kunun aya ba shi da shi. In ya kwana bai yi sanyi ba ya yi tsami. Na sha ganin Yaya a bakin kwata tana buɗe robobi tana tuttulewa.

Na ce mata zan gaya wa Baba halin da take ciki. Ta ajiye robar da ke hannunta ta dube ni.

"Kada ka sa ni a bakinka. Ina zaune a gidansa da marayu, sai in aika masa cewa sanyin da ɗansa ya saya masa ya hana ni ciniki? Wa zai ji wannan ya ce ina da kunya?"

Na yi mata alkawari ba zan ambace ta ba, na kuma riƙe alkawarin. Sai na bi wasu hanyoyin, ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da auta. Na kira shi na shimfiɗa masa maganar tun daga ƙofa har mita. Dariya ya yi.

"Haba babban wa, wutar nawa take? Irin na zamani ne fa, ba ya shan wuta, a jikin kwalin ma an rubuta. Ku bar tsoho ya ji daɗi."

Na ce masa tsoho yana bakin ƙofa lulluɓe da mayafi, ya ce ai sabo ne, zai saba. Ya turo ɗan abin da ya riƙe mu 'yan kwanaki, bai sake ba. Amma labari ya zaga dangi cewa shi yake biyan wutar gida, har gwaggonmu ta kira ni tana tambaya ko na yi masa godiya.

Bayan wannan na sayo labule mai kauri, na sa tela ya yi masa shafi da tampol, na rataya a ƙofar. Ƙofa tana buɗe, ƙa'ida ba ta karye ba, sanyi kuma zai tsaya a ciki. Washegari na dawo na tarar an naɗe shi an ɗaure a gefe da igiyar buhu. Dalilinsu shi ne ba sa ganin masu wucewa, kuma bai dace mutum ya wuce ƙofar Malam ba a amsa masa gaisuwa ba.

Sai na tari tsohon masinjan a zaure. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida sa'an uba, na roƙe shi abu biyu cikin ladabi: ya rage sanyin tunda har bargo suke nema, kuma in za su masallaci su kashe, don barinsa suke yi a kunne kada ɗaki ya huce kafin su dawo. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya leƙa ciki ya ɗaga murya.

"Allah gafarta Malam, ga ɗanka mai hatsi yana so ya auna mana iska da mudu."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har waɗanda na ɗauka barci suke. Wani daga cikin bargo ya ce a tambaye ni ko da gyara. Baba bai yi dariya ba, amma bai tsawata musu ba.

Abin da ya rage mini ita ce ƙofar kanta. Wata rana na rufe rumfa bayan azahar na dawo gida da gangan. Na tarar duk sun yi barci, Baba ma gyangyaɗi ya ɗauke shi a jikin bango. Na janye dutsen, na jawo ƙofar a hankali har ta haɗu. Niyyata in buɗe kafin kiran la'asar, Yaya ta samu ko da rana ɗaya ce ta ƙanƙara mai ƙarfi. Na shige sashena na kishingiɗa.

Ban daɗe ba na ji salati daga waje. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gidan da ke kallon namu. Ta fito, ta ga ƙofar Malam a rufe da rana tsaka, ga takalman maza tsibi a bakinta. Ba ta tambayi kowa ba, don a wurinta babu abin tambaya. Ta ɗora hannu a ka ta shigo cikin gida tana kuka. Yaya tana tace zoɓon gobe, ta saki rariya ta zube a ƙasa. Kafin in sa riga in fito, matan maƙwabta sun cika tsakar gida, wani ya ruga wurin liman, wani ya riga ya buga wa auta a Abuja. Ina cewa ni na rufe, ba wanda yake jina, sai riƙe mini hannu ake ana ba ni haƙuri.

Liman ya iso da mutane a bayansa, ya tsaya ya yi innalillahi, ya tura ƙofar. Sanyi ya buge shi. Ga mutane a miƙe jere cikin barguna, an rufe har ka. Ya ja da baya. Sai ɗaya daga cikin bargunan ya motsa, tsohon masinja ya fito da kai yana tambaya ko an kira salla ne. Baba ya buɗe ido ya ga liman, ya ga jama'a cike da zaure, ya ji kukan mata daga ciki, ya dubi ƙofar. Nan take ya gane.

Da jama'a suka watse, wasu suna dariya wasu suna tsaki, ya aika a kira ni. A zaure ya zauna, don ɗakin har lokacin da mutane a ciki. Na durƙusa.

"Da raina ka rufe mini ƙofa?"

Na ba shi haƙuri a kan tashin hankalin da aka yi, sannan na faɗa masa abin da mai haɗawa ya ce, da abin da na gani a mita, da yadda kati ya koma ba ya kai ko'ina. Ban ambaci Yaya ba. Ya ce ƙofar nan a buɗe ubansa ya bar masa ita, a buɗe zai bar ta, ranar rufe ta tana zuwa ba sai na yi gaggawa ba. Na ce to a kashe esin, tunda shi ma cutar da shi yake. Ya ce in ya kashe, me zai ce wa ɗan da ya saya, me kuma zai ce wa mutanen da suka zo gaishe shi.

"Baba, ba kai suke zuwa gaisarwa ba."

"Na sani," in ji shi. "Amma a ɗakina suke."

Ya tashi da kansa ya mayar da dutsen wurinsa. Auta kuwa ya kira ni yana faɗa, wai har ya kama hanyar tasha yana kuka, na zubar wa gida mutunci a kan kuɗin wuta.

Abin takaici, mutuwar ƙaryar nan ita ta tallata esin. Duk wanda ya zo jana'iza ya ji sanyin da ya bugi liman, ya kuma ga cewa ba a korar kowa. Masu gaisuwa suka ƙaru, suka daina jiran azahar, tun hantsi suke zuwa. Daidai lokacin kuma wutar unguwa ta gyaru, ta riƙa wuni, abin da Yaya ta daɗe tana addu'a a kai. Esin ya samu abin da yake so, bai sake hutawa ba.

A goman ƙarshe wani mai hali ya ba Yaya aikin zoɓo da kunun aya da ƙanƙara na buɗa-bakin da zai raba a masallaci, ya biya tun kafin a yi. Ba ta taɓa samun aiki mai girmansa ba. Ta zuba duk abin da ke hannunta, ta cika firiza har murfi yana ƙin rufuwa. Ni kuma na taɓa jarina na sayi katin da a lissafina zai kai mu salla, na tafi kasuwar ƙauye sayen dawa. Lissafin nawa na wuta mai zuwa tana ɗaukewa ne, ba na wadda take wuni ba. Katin ya mutu da safe ranar da za a karɓi kaya. Inda nake waya ba ta shiga. Yaya ba ta da ko kwabo a hannu, komai yana cikin firiza, kuma ba za ta je ƙofar Baba gaban maza ta ce a taimaka ba. Da baƙin suka ji esi ya tsaya, suka jira kaɗan, suka sa takalmansu suka watse. A cikinsu ba wanda ya tambayi abin da ya faru, balle ya sa hannu a aljihu.

Na dawo da yamma na tarar tsakar gida tana warin tsami. Yaya ta sayar da 'yan kunnenta ta mayar wa mutumin kuɗinsa.

Washegari ta shirya ta tafi Shadawanka. Akwai wata 'yar kudu mai shagon kayan masarufi kusa da bariki, wadda Yaya take sarin sukari da leda a wurinta, kowa Madam yake ce mata. Yaya ta dawo ta ba ni labarin yadda suka yi. Ta ce tana fara bayani matar ta katse ta da Hausarta ta 'yan koyo.

"Yaya, kawo firiza naka, ajiye bayan shago. Kai biya wuta naka, ni biya nawa. Ba wahala."

Na ce mata ta dakata, azumi ya kusa ƙarewa. Na lissafa mata kuɗin keke zuwa da dawowa, da barin yara a gida, da masu sayenta na unguwa da za ta rasa. Ta ce masu sayen ai ta riga ta rasa su.

Gidanmu hanyar fita ɗaya gare shi, ta zaure. Washegari da hantsi 'yan dako suka ɗauko firizar, a-kori-kura tana jira a layi. Ɗakin Baba ya riga ya cika, don na sake sa kati, shi kuma yana bakin ƙofa a kan buzunsa. Firizar ta wuce ta gabansa, ruwa yana ɗiga daga ƙasanta. Ya tambayi ina za a kai ta. Yaya ta durƙusa, ta ja mayafinta.

"Shadawanka, Baba. Can wutarsu ta fi zama."

Baba ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilar zaure da ke ci, ya saurari esin da ke gurnani a bayansa, ya dubi 'yarsa. Sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai, alkawari alkawari ne. Sai tsohon masinja ya ɗago daga kwance.

"To, mu ruwan sanyinmu na shan ruwa fa, daga can za a riƙa kawowa?"

 Na ɗauka Baba zai hana a fita da firizar. Sai ya ce wa Yaya Allah ya sa albarka, Allah ya tsare hanya. Ta ce amin, ta tashi ta bi firizarta. Esin bai tsaya ba ko na minti ɗaya, ranar ma har la'asar suka kai.

Bayan salla da ɗan lokaci ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Masu gaisuwa suka fara raguwa, har ya zama in ka leƙa Baba ne shi kaɗai. Tsohon masinja ya tafi da rimot a aljihu, sai da na aika aka karɓo. Baba ya ce in kashe abin daga bango in nemi zane in rufe shi, na yi. Kati ya koma yana kai mu ƙarshen wata.

Na samu Yaya da magariba, ta sauko daga keke ke nan, ƙafafunta sun kumbura. Na ce mata an kashe esi, ɗaki ya koma yadda yake, ta dawo da firizarta gida ta huta da wannan zirga-zirga. Ta zauna a bakin ɗakinta tana cire takalmi. Ta tambaye ni ko an ciro shi daga bango. Na ce a'a, an dai rufe shi da zane.

"To bar ta can," ta ce. "Zafi zai dawo, su ma za su dawo."

Yaran nata sun yi asarar zango guda a makaranta a shekarar nan. Firizar tana bayan shagon Madam har yanzu, Yaya tana fita da safe ta dawo da magariba.